Ba Kowace Caja Ce Ta Kowane Batir Ba

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa wani al'amari ne da ya auku a gidan ƙanena, a nan Libreville, cikin watan azumin da ya gabata, wanda da Allah bai taƙaita ba, da zaman makoki muka yi a maimakon bikin Sallah. Na nemi izinin mai gidan kafin in rubuta, ya ce in rubuta, don in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wani danginmu da ya dawo daga Umra a watan Sha'aban ya kawo wa yaran gidan tsaraba irin wadda aka saba, dabino da ruwan Zamzam da tasbaha, sai kuma wata fitila ta ƙarfe, tsawonta bai wuce tafin hannu ba, mai fitar da siririn haske kore shar wanda in an ɗaga shi sama da dare sai ka ce ya taɓo gajimare. Ita ce ake kira leza. Ta zo cikin kwali tare da batir guda ɗaya mai kaurin babban yatsa, da wani ɗan akwatin roba baƙi da ake kwantar da batirin a ciki, da wayar da ake soka wa akwatin a jona shi da bango. Babban yaron gidan, ɗan shekara 14, shi ya mallake ta. Ba a yi mako uku ba wayar ta ɓace, kamar yadda kayan yara suke ɓacewa. Yaron ya leƙa bayan talabijin, ya ga wayar dikoda tana da baki irin na wadda ta ɓata, ya zare ta, ya soka wa akwatin, ta shiga cif. A lokacin an ɗauke wuta. Ya jona ta a bangon ɗakin kwanansu, ya tura akwatin ƙarƙashin gefen katifa don kada ƙannensa su gani su ɗauka, ya kwanta.

Wuta ta dawo cikin dare. Mahaifiyarsu ta tashi haɗa sahur, tana wucewa ta ƙofar ɗakin sai ta ji wani wari mai zaƙi-zaƙi, irin na man goge farce, sannan ta ji huci kamar an sace tayar mota. Kafin ta gama tada yaran, harshen wuta ya fito daga ƙarƙashin katifar ya kama gidan sauro. Mai gidan ya ruga ya kashe wutar gidan gaba ɗaya daga wajen mita, aka yi ta kwara ruwa. An yi asarar katifa da labule da littattafan makaranta, ƙaramin cikinsu kuma ya ƙone a ƙafa, amma alhamdu lillahi ya warke.

Da gari ya waye na kwashi abin da ya rage na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin, mutumin Damagaram, wanda ya daɗe yana wannan sana'a a garin nan. Ya juya wayar dikodar, ya miƙo mini, ya ce, "Alhaji, idona ya yi rauni, karanta mini ƙaramin rubutun nan." Na karanta masa: 12V. Ya tambaye ni ko na tuna abin da ke rubuce a jikin batirin kafin ya ƙone. Na ce 3.7V ne. Ya girgiza kai ya ce, "To ai ka ba kanka amsa. Kama da wane ba ta wane. Yaron nan injin busa tayar tirela ya ɗora wa tayar keke, ya tafi ya yi barci."

Abin da wayar salula ta saba mana

Ban ga laifin yaron sosai ba, domin abin da ya ga manya suna yi ya yi. Wane ne a cikinmu bai taɓa aron caja a masallaci ko a shago ko a gidan biki ba? Muna soka kowace caja a kowace salula, ta yi caji lafiya lau, har zuciya ta zauna a kan cewa in dai baki ya shiga, magana ta ƙare. Sirrin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, abin nan da muke jonawa a bango muna kiransa cajar salula, ƙaramin aiki yake yi: ya karɓi wutar gida mai ƙarfin bolt 220 ya mayar da ita bolt 5, ya miƙa. Ainihin cajar tana cikin salular kanta. Wani ɗan ƙanƙanin sashe ne da ke auna batir a kowane lokaci, yana duba zafinsa, yana rage wutar da ke shigarsa in ya kusa cika, ya kuma rufe ƙofa in ya cika. Shi ya sa salula take yafe mana kurakuranmu.

Batirin da ake zarewa daga leza ko babbar tocila ko fitilar goshi, akasari ba shi da wannan mai gadi. Tsirara yake. Duk abin da aka ɗura masa zai karɓa har ya hallaka. Mai gadinsa kaɗai ita ce cajar da aka ƙera dominsa, kuma a irin akwatin da aka kawo wa yaron nan, babu komai a cikin akwatin sai ƙarafa biyu da waya. Duk dabarar tsayar da caji tana cikin kan wayar da ta ɓata. Da aka canja wayar, an cire mai gadin ke nan.

Yana da kyau mu san abin da muke riƙe da shi a hannu. Batirin litiyam mai karɓar caji ya shiga kasuwa ne a 1991, lokacin da kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da shi. A 2019 aka ba mutum uku, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, lambar Nobel ta ilmin sinadarai saboda aikinsu a kansa. Akwai kuma wani masani Musulmi da ya kamata yaranmu su san sunansa, Rachid Yazami, haifaffen birnin Fas na Maroko, wanda a 1980, yana bincike a Grenoble ta Faransa, ya nuna cewa litiyam zai iya shiga cikin girafit, wato baƙin ma'adinin nan na bakin fensir, ya fito, ya sake komawa. A kan wannan ne aka gina ɓangare ɗaya na kusan duk batirin da ke aljihunmu yau. Ɗaya ɓangaren kuwa ana yin sa da ma'adinai irin su kobal da nikel da manganis. Wannan na ƙarshe ba baƙo ba ne gare mu, don shi ne ake haƙa a Moanda, jirgin ƙasa ya kawo shi tashar Owendo; mafi yawansa masana'antun ƙarfe yake tafiya, amma wani kaso yana ƙarewa cikin batura. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai wata 'yar fatar roba wadda ta fi gashin kai siranta, an kuma jiƙa su duka da wani ruwan sinadari mai kamawa da wuta kamar fetur. An naɗe su kamar tabarma an cusa cikin gwangwanin ƙarfe. Ƙarfi mai yawa ke nan a wuri ƙanƙane, wanda shi ne amfanin batirin, shi ne kuma haɗarinsa.

Batirin da ya fi yawa a leza da tocila shi ne wanda ake rubuta wa lamba 18650, ma'ana kaurinsa milimita 18, tsawonsa milimita 65. Ana rubuta masa 3.6V ko 3.7V, harafin V kuwa shi ne bolt, ma'aunin ƙarfin turin wuta. In ya cika yana kai bolt 4.2, kuma a nan ne dole a tsaya. Masu ƙera shi ba su yarda a kauce wa wannan iyaka da fiye da kashi 5 cikin 100 na bolt ɗaya ba. Caja ta ƙwarai tana yi masa kamar yadda mai faci mai hankali yake yi wa taya: ta ba shi wuta daidai gwargwado har ya kai 4.2, sannan ta riƙe shi a nan tana rage abin da take ba shi kaɗan-kaɗan, in ya ƙoshi ta yanke. Idan aka zarce iyakar, litiyam yakan daina shiga girafit, ya riƙa taruwa a samansa yana tsiro kamar ƙaya, ƙayar nan kuma tana iya huda fatar da ta raba ɓangarorin. A ɗaya gefen ma'adinin yakan fara rugujewa yana sakin iskar oksijin. Zafi ya tashi, wajen digiri 130 fatar ta soma narkewa, ɓangarorin su haɗu, zafin ya ƙara haifar da zafi, cikin daƙiƙu kaɗan ya wuce digiri 500. Ga mai, ga iska, ga zafi, duk a cikin gwangwani ɗaya a rufe. Wannan ne ya sa wutar batir take feshi kamar ta mai walda, wani lokaci ma gwangwanin ya tashi ya keta ɗaki kamar harsashi.

Rashin dacewar caja da batir ba iri ɗaya ba ne, kuma na gidan ƙanena shi ne mafi sauƙin ganewa. Bakin waya mai zagaye, irin na dikoda da akwatin intanet da ƙaramar fanka, ana yin sa da kauri iri ɗaya alhali wani bolt 5 yake bayarwa, wani 9, wani 12, na kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa wajen 19. Akwai ma cajar litiyam ta gaske mai ba da 8.4, wadda aka yi don batura biyu da aka jera ɗaya bayan ɗaya; a ɗora ta kan batir guda, ta ninka masa abin da yake iya ɗauka. Kusa da wannan akwai dabarar da na sha ganin samari suna yi suna alfahari, su yanke tsohuwar wayar caja, su fiƙe wayoyin ciki, su ɗaure su a kan batir da robar ɗaure kuɗi. Bolt 5 ke nan kai tsaye ba mai tsayarwa. Wanda ya yi haka sau goma bai ga komai ba, sa'a ya yi sau goma.

Wanda ya fi ban tsoro a wurina shi ne na batura masu kama da juna kamar tagwaye. Wasu leza, musamman masu shuɗin haske, suna aiki da gajerun batura biyu masu lamba 16340. Akwai wani batir mai suna CR123A, na kyamara da wasu tocila, girmansa ɗaya da 16340, shi ma an rubuta masa litiyam, amma na bolt 3 ne kuma ba a yi masa caji ko kaɗan. In ya ƙare ya ƙare. Yana shiga caja daidai wa daida, kuma caja ba ta da idon da za ta gane shi. Yi masa caji neman fashewa ne. Duk batirin da ba a rubuta masa kalmar rechargeable ko Li-ion ba, kada ya kusanci caja. Haka nan batir mai lamba 14500 girmansa ɗaya da batirin rediyo na AA, mai lamba 10440 kuma ɗaya da na rimot, AAA, alhali ƙarfinsu ya ninka nasu fiye da sau biyu. Cajar da aka yi wa baturan AA masu caji, waɗanda ake rubuta wa NiMH 1.2V, tana gane cikar batir ne ta wata alama da litiyam ba ya nunawa, don haka ba ta san inda za ta tsaya masa ba. In kuma aka juya, aka sa na NiMH a cajar litiyam, za ta yi ta tura shi zuwa 4.2 da ba zai taɓa kaiwa ba, sai zafi da yoyo. Sannan ga wani dangi na litiyam da ake rubuta wa LiFePO4 ko 3.2V, wanda ya yawaita a fitilun sola. Shi iyakarsa wajen 3.65 ce, cajar 4.2 tana lalata shi.

Ko da bolt ya dace, akwai batun sauri. A jikin batir ana rubuta wata lamba da haruffan mAh, wato girman cikinsa, a jikin caja kuma ana rubuta mA ko A, wato yawan wutar da take zubawa, A ɗaya daidai yake da mA 1000. Ƙa'idar da ba ta da haɗari ita ce abin da caja ke zubawa ya tsaya wajen rabin lambar batir. Batirin 18650 mai 2600 zai karɓi A ɗaya ba damuwa, amma ɗan ƙaramin 16340, wanda cikinsa bai fi wajen 700 ba, A ɗaya ta yi masa yawa, balle biyu. Leza mai batura biyu kuma tana buƙatar su zama iri ɗaya, masu shekaru ɗaya, a yi musu caji tare. In ɗaya sabo ne ɗaya tsoho, tsohon zai riga ƙarewa, sabon kuma ya ci gaba da tura wuta ta cikinsa a baibai, wanda shi ma hanya ce ta gobara.

Duk wannan a kan batir na gaskiya muke magana. Da yawa daga cikin waɗanda ke zuwa cikin kwali tare da leza mai araha jabu ne, kuma gane su ba wuya. Batirin 18650 na manyan kamfanoni yawanci cikinsa bai wuce wajen 3500 ba, nauyinsa kuma giram 45 zuwa 50. In ka ga an rubuta 6800 ko 9900, ƙarya ce tsagwaronta, kuma in ka ɗaga shi za ka ji shi sakayau. Waɗansu tsofaffin batura ne da aka farke daga matattun kwamfutoci aka sa musu sabuwar riga. Na gaskiya yana da wata 'yar kariya a ƙarƙashin hularsa mai yanke wuta in iska ta taru a ciki, jabu kuwa ba ka da tabbacin yana da ita. Akwai kuma waɗanda aka ƙara wa ɗan faifan kariya a gindi, shi ya sa suka ɗan fi tsawo. In leza ko tocilarka tana ɗaukarsu, su ne suka fi dacewa da gidan da ke da yara.

Kada a ɗauka matsalar ta masu kayan araha ce kawai. A watan Agusta na 2006 kamfanin Dell ya janye baturan kwamfuta miliyan 4.1 saboda wasu sun kama wuta, a 2016 kuma Samsung ya dakatar da wayarsa Galaxy Note 7 ɗungum a kan wannan dalili. In masu ɗakunan gwaji da injiniyoyi dubbai sun gamu da haka, ina ga batirin da ko sunan wanda ya ƙera shi babu? A birnin New York na Amurka mutum 18 ne suka rasu a 2023 a gobarar da baturan litiyam suka haddasa, akasari na kekuna masu lantarki, hukumar kashe gobara ta Landan kuwa ta sha nanata cewa amfani da cajar da ba ta batir ba yana cikin abubuwan da ke janyo irin wannan gobara. Matafiya ma su lura. A ranar 3 ga Satumba 2010 wani jirgin kaya ƙirar Boeing 747 ya faɗi a Dubai jim kaɗan bayan tashinsa, matuƙansa biyu suka rasu, bincike kuma ya nuna wutar ta tashi ne a wajen kayan da ke ɗauke da baturan litiyam. Dokar jiragen sama a yau ita ce batir da ba ya cikin na'ura a jakar hannu ake riƙe shi, ba a sa shi a babban akwatin da ake aunawa. Alhazanmu da 'yan kasuwarmu masu zuwa Dubai da Guangzhou su kiyaye wannan.

Halin da muke ciki a Libreville

Garinmu yana da abubuwan da ke ƙara wa wannan haɗari nauyi. Na farko ɗauke wuta. Kaso mai yawa na lantarkin birnin daga madatsun ruwa na Kinguélé da Tchimbélé yake zuwa, kuma in ruwa ya ja baya da rani, ko buƙata ta fi abin da ake samarwa, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa, kamar yadda aka sha fama a 2024 da 2025. Wannan ya koya mana wata ɗabi'a: mu jona komai a bango tun ba wuta, mu kwanta, don in ta zo cikin dare ta same su a shirye. Ma'anarsa ita ce cajin yana faruwa a daidai sa'ar da babu ido ko ɗaya a buɗe. Na biyu zafi da laima. Batirin litiyam ba a yi masa caji in zafin wurin ya wuce digiri 45, ɗakin kwano da tsakar rana ko cikin motar da aka ajiye a rana kuwa suna iya wuce haka, iskar teku mai gishiri kuma tana cin ƙarafan caja mai araha. Na uku shi ne yanayin gidajen. Duk wanda ya san lungunan Akébé ko Nkembo ko bayan Mont-Bouët ya san yadda gidajen katako suke jingine da juna, da yadda hanya take ƙuntata har motar 'yan kwana-kwana ba ta iya shiga. Kasuwar Mont-Bouët kanta, inda da yawa daga cikinmu suke neman abinci, ta ga gobara ba sau ɗaya ba. Mai shagon da ya bar batir a caja ya kulle ya tafi gida, ba dukiyarsa kaɗai ya sa a caca ba.

Addininmu bai bar mu a duhu ba game da wannan. Ya tabbata a ingantattun littattafan hadisi na Buhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya siffanta wuta da abokiyar gaba, ya yi umarni a riƙa kashe ta in za a kwanta. A wata ruwayar an ambaci ɓera da kan ja lagwanin fitila ya ƙone gida. Imam Nawawi, a sharhinsa, ya bayyana cewa dalilin umarnin shi ne tsoron gobara, saboda haka fitilar da aka amince ba za ta jawo gobara ba babu laifi a bar ta, wadda ake jin tsoronta kuwa ta shiga cikin umarnin. Ni ba malami ba ne, fatawa ta malamanmu ce, amma a ganina batir tsirara a kan cajar aro ƙarƙashin katifa ya fi fitilar aci-bal-bal kusa da abin da aka yi gargaɗi a kansa. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, sai dai wanda ya koya mana imani da ƙaddara shi ne ya ce mu kashe fitila.

'Yan'uwana 'yan kasuwa, akwai kalma a gare mu. Idan mai saye ya zo da batir yana neman caja, miƙa masa duk wadda bakinta ya shiga don kada ciniki ya wuce bai dace da Musulmi ba. Sayar da batirin da muka san lambar da ke jikinsa ƙarya ce algus ne, ko da ba mu muka buga lambar ba. In ba mu sani ba, mu ce ba mu sani ba.

A aikace abin da ake bukata kaɗan ne. Kafin a jona, a karanta lambobi biyu: ta jikin batir, da ta jikin caja a layin da aka rubuta sortie ko output. Batir mai 3.7V cajarsa 4.2V ce, ba wata ba. In cajar ta ɓata, a sayi ta ainihi mai ramuka daban-daban, wadda ke auna kowane batir shi kaɗai tana nuna cikarsa, a kuma rubuta wa kowace waya sunan na'urarta da ɗan salatif. A yi caji da rana, a kan siminti ko tayil, nesa da katifa da labule da tukunyar gas, ba a bakin ƙofar da za a bi a fita ba, kuma babba yana kusa. In ya cika a cire. Batir da ke caji yana iya yin ɗumi, amma in ya kai hannu ba ya iya riƙe shi, a zare daga bango nan take. Wanda ya kumbura, ko ya lotsa, ko ya yi tsatsa, ko rigarsa ta yage, ya gama aiki. Yagewar riga ba ƙaramin abu ba ne, domin duk jikin gwangwanin gefe ɗaya ne na wutar, ɗaya gefen kuma yana nan a hula, tazararsu ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Saboda haka ne ma ba a jefa shi aljihu tare da makullai da tsabar kuɗi. Wanda ya yi watanni a durowa har ya mutu murus, aka auna aka ga ya faɗi ƙasa da bolt 2, kada a yi ƙoƙarin tada shi. Kuma kada a jefa mataccen batir cikin sharar da za a ƙona; a liƙe kawunansa da salatif a ajiye shi cikin gwangwani mai yashi.

Idan abin ya riga ya faru, a fara fitar da yara, a kashe wutar gidan daga mita, sannan a kwara ruwa mai yawa daga nesa, domin sanyaya shi ne maganinsa, in babu ruwa a rufe shi da yashi. Kada a ɗauke shi da hannu, kada a shaƙi hayaƙin don guba ne, kada kuma a amince da shi don ya yi shiru, yana iya sake tashi. A kira 'yan kwana-kwana tun wutar tana ƙarama. Wanda ya ƙone a sa wurin ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi na minti 20, ba man goge baki, ba manja, ba ƙwai, sannan a tafi asibiti.

Ba zan rufe ba sai na taɓo ita lezar kanta, don batirin rabin haɗarinta ne. Wadda ake ɗauka marar cutarwa ga mai nuni a allo ita ce wadda ƙarfinta bai wuce miliwat 1 ba, ana rubuta mata classe 2. Faransa ta kafa doka a Maris 2011 da ta hana saye ko riƙe wadda ta wuce wannan aji ba tare da dalilin sana'a ba. Lezar da ke buƙatar batir 18650 kusan kullum ta zarce haka nesa, kuma rubutun jikinta ba abin dogaro ba ne: a 2013 cibiyar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta gwada guda 122, ta sami kusan kashi 90 cikin 100 na masu koren haske sun saɓa ƙa'ida. Likitocin asibitin ido na Sarki Khalid da ke Riyad sun ba da rahoton yara da samari 14 da leza mai shuɗin haske ta ƙona musu cikin ido tsakanin 2012 da 2013, akasarinsu sai da aka yi musu tiyata. Masu kallon ƙwallo ba su manta da daren 29 ga Maris 2022 ba, a filin wasa na Diamniadio kusa da Dakar, lokacin da aka lulluɓe fuskar Mohamed Salah da koren haske yana shirin bugun fanareti, abin da ya ja wa Senegal tara daga FIFA. Yaranmu sun ga wannan a talabijin, shi suke kwaikwayo a kan fuskokin juna da direbobin tasi, wasu har da jiragen da ke sauka a filin Léon-Mba.

Da zan bar shagon dattijon nan na tambaye shi ko a saya wa yaron wani batir da caja ta ƙwarai, tunda lezar ba ta ƙone ba. Ya karɓe ta, ya sa mata batirinsa, ya ɗora tsinken ashana a kan bulo, ya haska kan ashanar daga tazarar taku ɗaya. Ba a ƙirga biyar ba ta kama. Ya zare batirin, ya miƙo mini ƙarfen, ya ce, "Alhaji, wannan ba ta yaro ba ce. Ka saya masa tocila." Tana nan a durowar shagona, ba batir a cikinta.